Kabarin Mutum Biyu a Nakerei

Namoe ce ta fara ganinsa. Ta fito da ƙwaryar tatsa gari na wayewa, ta shiga shingen shanu, ta tarar da wurin wayam, sai 'yan maruƙa a kusurwa suna kukan uwa. Ɗanta Aleper, wanda ke kwana da garke, yana kwance rub da ciki a kan kashin shanu. An fasa masa ƙeya da kulki, sannan aka bi maƙogwaro da wuƙa har sai da kan ya karkace. Jinin ya daskare, ƙudaje sun fara taruwa. Ihun da ta yi, matan da ke ɗibar ruwa a rafi sai da suka yar da jarkoki.

Doka ce tsohuwa a ƙasar Karamoja, kowa ya sha ta a nono: inda sawun shanun sata ya mutu, nan laifi ya kwana. Samarin Nakerei suka kwashi masu suka bi sawu da gudu. Sawu ya je ya mutu a bakin hanyar mota, jifa ɗaya daga ƙauyen Lomuno. Mutumin farko da suka ci karo da shi kuwa Sagal ne, zaune a ƙofar gidansa da jini a mayafi. Shi ne kuma wanda ya yi faɗa da Aleper a bakin rijiya kwanan baya, har ya ce sai ya ga bayansa. Mai neman kuka ne aka jefe shi da kashin awaki. Suka ɗaure shi da igiyar shanu, suka jawo shi a ƙasa har Nakerei, suna tafe suna duka.

Akwai kuma doka ta biyu, wadda ta fi ta farko nauyi. Wanda ya kashe mutum, kabari ɗaya ake sa su. Makashi a ƙasa da ransa, mamaci a kansa, a mayar da ƙasa.

*

Lokacin da Korobe mai bin sawu ya iso, an riga an haƙa rabin ramin, kuma kowa ya ga faɗinsa ya san ba na mutum ɗaya ba ne. Korobe tsoho ne busasshe, dogo kamar sandar kiwo. Tun yana saurayi yake karanta ƙasa, kuma bai taɓa cewa "ina jin" a kan sawu ba. Ko dai ya ce wannan ne, ko ya yi shiru. Ya ajiye 'yar kujerar da yake ratayawa a hannu, ya zauna gaban Nangiro, uban mamacin, wanda sa'ansa ne, tare suka yi kiwon awaki.

"Sannu da rashi, abokina."

"Ban kira ka ba, Korobe. Mun kama kurar, ga ta can."

"Ka kama kura ko ka kama wanda ya kwana kusa da raminta?"

Iriama, ƙanen Nangiro, ya matso. Shi ne ciyaman na gwamnati a ƙauyen, mai hula da hatimi da waya, kuma duk wata magana da za ta je gari ta bakinsa take bi. Ya ce, "Baba Korobe, ni da kaina na nemi 'yan sanda tun safe, waya ta ƙi shiga. Ko ta shiga ma, su zo su tafi da shi, bayan wata guda ka gan shi a kasuwa yana shan giya yana yi mana dariya? Yaya, kada ka bari a ja maka rai. Mutanen Lomuno suna can suna wasa masu. A rufe shi kafin su iso, magana ta mutu."

"Magana ba ta mutuwa don an rufe mai ita," in ji Korobe. Ya juya ga Nangiro. "Gawa ba ta kwana, na sani. Ka ba ni zuwa lokacin da rana za ta taɓa kan dutse. In na dawo ba komai a hannu, ni zan fara zuba ƙasa."

Nangiro ya daɗe yana kallon ramin. "Zuwa kan dutse. In ta taɓa ba ka nan, ba zan jira ba. Teko zai bi ka, ya zama idona."

Teko abokin Aleper ne na ƙut da ƙut, ƙato mai zafin kai, kuma shi ya fi kowa dukan Sagal. Ya tofar da yawu. "Ni zan bi tsoho yana sunsunar ƙasa kamar kare?"

"Kare ya fi ka, shi yana sunsunawa kafin ya ciji," in ji Korobe.

*

Sagal na ɗaure a jikin turke kusa da ramin. Ido ɗaya ya rufe da kumburi, kunne ya yage yana reto, yatsun hannun dama an kwantar da su baya da kulki. Korobe ya tsuguna ya ɗiga masa ruwa a baki.

"Jinin da ke mayafinka fa?"

"Na bijimi ne, baba. Na harbi jijiyar bijimina da asuba, na tari jini zan haɗa wa yara da nono. Ku je ku duba wuyansa. Na faɗa musu, suka ce in rufe baki."

"Ka ce sai ka ga bayan Aleper?"

"Na ce. Shi ma ya ce sai ya sha nono a ƙoƙon kaina. Wa bai taɓa faɗin haka a bakin rijiya ba?" Ya yi tari, jini ya biyo. "Baba, na ga faɗin ramin nan. Don girman Akuj, Ubangijin sama, in za su yi, ka ce su kashe ni tukuna."

Korobe ya ɗaga ƙafar Sagal ya duba tafinta, ya auna da tafin hannunsa, ya tashi.

Namoe na zaune a bayan ɗakinta, ta tsinke duwatsun wuyanta ta zubar, mata sun kewaye ta. Korobe ya durƙusa nesa kaɗan.

"Uwar Aleper, ki yi haƙuri da ni. Ki faɗa mini safiyar nan tun daga fitowarki, kada ki tsallake komai."

"Me zan faɗa? Na ɗauki ƙwarya. Na je shinge. Na janye ƙayar ƙofa, har ta soke ni a nan. Na sunkuya na shiga, na ga babu shanu, na ga..." Muryarta ta karye.

"Tsaya. Kika janye ƙayar ƙofa?"

"To da me zan shiga?"

"A rufe kika same ta?"

"A rufe, kamar kullum. Gindin reshen a ciki, an tura shi ƙarƙashin gungume yadda muke yi don kura."

Korobe ya ɗauko taba ya shaƙa. Ya bi sawun mahara tun gashinsa na baƙi, bai taɓa ganin wanda ya kwashe garke sannan ya tsaya ya rufe ƙofa don kada kura ta ci maruƙa ba. Maruƙan wa? Mutum ba ya rufe wa abin da ba nasa ba ƙofa. Hannu ne ya yi abin da ya saba yi tun yarinta, mai hannun bai ma sani ba. Da ɗan gari akan ci gari.

*

Sawun kusa da gida duk samari sun tattake shi. Korobe ya bar tsakiyar hanya ya bi gefe, inda shanun gefen garke suka taka ƙasa mai laushi. Teko na biye yana gunaguni.

"Rana na tafiya, tsoho. Makaho ma ya san inda shanun nan suka bi."

"Zo nan, sarkin baki. Shanun nan gudu suke ko tafiya?"

Teko ya duba. "Tafiya."

"Ka taɓa ganin mahara sun kori shanu suna tafiya kamar masu zuwa mashaya? Dubi can, wata ma ta tsaya ta yi kashi, wata ta fizgi ciyawa. Yanzu dubi wannan."

A cikin yashi akwai sawun takalmin taya, irin wanda kowa ke sawa, rabinsa kawai ya rage. Kofaton saniya ya taka ɗaya rabin.

"Ɓarawo yana bayan shanu da sanda, sawunsa a kan nasu yake. Wannan nasu ne a kan nasa. Yana gaba, suna binsa. Saniya ba ta bin baƙo, yaro. Muryar da ta sani take bi."

Korobe ya miƙe ya dubi Teko ido cikin ido.

"Ku biyu kuke kwana da garken nan, kai da Aleper. Shanu sun san muryarka kamar ta uwarsu. Ina kake jiya?"

Bai rufe baki ba Teko ya shaƙe shi ya maka da ƙasa, ya ɗora masa tsinin mashi a ƙirji har sai da fata ta tsage. "Maimaita! Maimaita in haɗa ka da ƙasar da kake so!"

"Soka mana. Ka ga sai a faɗaɗa ramin ya ɗauki uku." Korobe bai ko ƙifta ido ba. "Na ce ina kake?"

Teko ya janye mashin ya zube zaune, ya rufe fuska. "Ina wurin giya. Ciyaman ya sa an dafa wa samari duka, wai murnar an sake zaɓensa. Ya ce kowa ya zo, shanu ba za su gudu a dare ɗaya ba. Mu biyu muka je. Aleper ya ce cikinsa na murɗawa, ya sulale ya koma ba wanda ya sani. Ni na zauna ina sha kamar jaki. Da na bi shi..."

"Da na sani ƙeya ce. Sa ƙafarka nan."

Teko ya sa ƙafarsa kusa da sawun. Ta fi shi da nisa. Ta Sagal kuwa, da Korobe ya auna, ba ta kai shi ba.

"Ba kai ba ne, ba kuma wanda ka karya wa yatsu ba ne. Tashi mu je."

*

A bakin hanyar mota, inda samari suka ce sawu ya mutu, bai mutu ba, hawa ya yi. Akwai wata gangara da ruwa ya ci, babbar mota ta ja da baya ta jingina da ita, aka tura shanu suka shiga. Tayoyin sun nutse a wurin tashi saboda nauyi. Samari sun ga ƙauyen Lomuno a gabansu, ido ya rufe, ba wanda ya dubi ƙasa.

"Shanunku sun kusa mahauta a wani gari," in ji Korobe. "Masu motar ba su san Lomuno ba, ba su san Nakerei ba. Wani ne ya kawo musu har baki."

Ya yi ta kewaye wurin yana sunkuye, har ya sami abin da yake nema: takalmin nan shi kaɗai, ya juya ya nufi gida. Amma mai shi ya san kan abin. Ya bar yashi ya hau kan duwatsu, daga dutse zuwa dutse, daga nan ya shiga busasshiyar ciyawa. Korobe ya bi tsakuwar da aka juya, ya bi karan da aka karya, sannan ya rasa komai. Ya koma baya ya sake, ya sake rasawa. Inuwarsu ta fara tsawo. Gumi ya haɗu da jinin ƙirjinsa yana gangara.

"Tsoho, rana," in ji Teko, wannan karon ba da izgili ba.

Korobe ya ɗaga kai zai duba ranar, sai ya ga ungulaye. Suna shawagi suna sauka a wani kwari da ke bayan Nakerei, wurin da ba hanyar kowa ba.

Suka sauka kwarin da gudu, suka kori tsuntsayen da duwatsu. Baƙin bunsuru ne kwance. Ungulaye sun cire idanu sun fara jan hanji, amma ba su suka kashe shi ba. An yanka shi, an farke ciki, an tsaga tumbi an kwashe ɗanyar ciyawar da ke ciki. Ba a cire ko tsoka ɗaya ba, ba a feɗe fata ba, babu tokar wuta. A kan yashi ga sawun takalmin nan, ga na bunsurun da aka jawo da igiya daga wajen ƙauye, ga inda mutum ya tsaya ba takalmi yana shafa jiki, koren abin ya ɗiɗɗiga kewaye da shi.

Teko ya ja da baya, ya kama bakinsa. Ba sai an faɗa masa ba. Wanda ya zubar da jinin danginsa ba ya shiga gida sai ya wanke, in ba haka ba jinin ya bi shi ya cinye 'ya'yansa da dukiyarsa. Wankan kuwa da abin cikin tumbin bunsuru ake yi, kuma dole bunsurun ya zama nasa na kansa, na aro ko na sata ba ya ɗaukar laifin wani. In an gama, jinin ya koma jikin dabbar. Ba a yanki komai a jikinta, ba a sake taɓa ta, a bar wa kura. Wanda ya taɓa, ya ɗauki abin da aka sauke.

"Ya yi dabarar duwatsu, ya yi dabarar ciyawa," in ji Korobe. "Amma wannan ba shi da dabararsa. Dubi kunnen."

Kunnen hagu an yanke tsininsa, shaidar gidan su Nangiro duka. Na dama kuwa an huda shi, huda zagayayya tsaf. Mutum ɗaya ne a ƙasar nan ke da ƙarfen huda kunne, wanda likitocin dabbobi suka bar masa ajiya, ya mayar da shi nasa yana yi wa awakinsa ado.

"Ƙanen ubansa," in ji Teko a hankali. "Shi ya ɗauke shi a kafaɗa yana yaro. Shi ya ba ni kulkin da na..." Ya kasa ƙarasawa.

"Baki ba zai isa ba, sai sun gani da ido. Matsa in ɗauka. Ni na tsufa, abin da zai ci a jikina kaɗan ne."

Teko ya tare shi da hannu. Ya kwance mayafinsa ya shimfiɗa. "Jinin Aleper ne a ciki. Bai ci ni yana raye ba, ba zai ci ni yanzu ba. In ma ya ci, na ci bashin yatsun mutum." Ya naɗe mushen ya saɓa a wuya.

*

Rana ta zauna a kan dutse lokacin da suka shigo. Mutanen Lomuno sun iso, sun yi layi a wajen shinge da masu da kibau, samarin Nakerei sun tare ƙofa, ana ta zagin uwa da uba. An riga an jefa Sagal cikin ramin, an ɗora masa gawar Aleper naɗe da fatar bijimi. Daga ƙasa ake jin muryarsa, ba kuka ba, wani irin gurnani. Iriama na tsaye a baki da shebur, har ya zuba na farko.

"Ajiye shebur, ciyaman," in ji Korobe. "Na yi alkawari ni zan fara."

Teko ya sauke ƙunshin a tsakiyar fili. Korobe ya ce duk namijin da shanun gidan nan suka san muryarsa ya matso. Nangiro ya matso, da 'ya'yansa da suka rage, da Iriama.

Korobe ya faɗa musu ƙofar da aka rufe. Ya faɗa musu sawun da ke ƙarƙashin kofato, da tayar mota. Bai ɗaga murya ba, amma har na wajen shinge suka yi shiru. Sannan ya ɗaga gefen mayafin, kan bunsurun kawai ya fito.

"Mun tsinci mushe a hanya, ba mu san mai shi ba. Nangiro, duba mana kunnen."

Nangiro ya sunkuya ya kama kunnen ya juya. "Na gidanmu ne. Hudar nan ta Iriama ce." 'Ya'yansa ma suka taɓa, suka ce haka ne.

"Ciyaman, dukiyarka ce. Zo ka kama kunnen ka tabbatar."

Iriama bai motsa ba. "Ina gani daga nan. Kura ce ta ɗauke shi, tun shekaranjiya nake nema."

"To zo ka ɗauki abinka."

"Ni ba na taɓa mushe."

"Kai? Wanda ya feɗe jakin da ya mutu a rafi bara don fata?" in ji wata tsohuwa daga cikin mata. Wasu suka yi dariya, dariyar ta mutu nan take.

Teko ya kama ƙafafun bunsurun ya wurga shi ƙirjin Iriama. Mutumin ya kurma ihu irin na wanda maciji ya faɗo wa, ya yi tsalle baya, ya faɗi, ya ja gindi yana kakkaɓe rigar da ko taɓa ta ba a yi ba. Mushen ya faɗi a buɗe, kowa ya ga tsagaggen tumbi, kowa ya ga nama cikakke ba a taɓa ba. Nangiro ya dubi hannunsa da ya kama kunnen, ya dubi ƙanensa.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Iriama ya zabura ya fizge kuben wuƙar nan zagayayya da maza ke sawa a wuyan hannu, ya yi kan Korobe. Tsohon ya kare da 'yar kujerarsa, wuƙar ta zame ta buɗe masa dantse har ƙashi ya leƙo. Kafin ya sake kai sara, Teko ya sauke masa gindin mashi a gwiwa, aka ji ƙas. Samari suka rufe shi. Suka yage rigar, suka ɗaga hannunsa, ga koren abin nan ya bushe a gashin hammata da bayan kunne, inda sabulu bai kai ba.

"Ban san yana ciki ba!" Iriama na ihu, baki cike da jini. "Yaya, na rantse ban sani ba! Na ɗauka yana wurin giya! Ya tashi ya kira sunana, ya ce baba ina za ka da shanu... Me zan yi? Me zan yi?"

Namoe ta ratsa maza ta ɗauki shebur ta sauke masa a fuska. Sai da mata suka kama ta.

"Rami! Rami!" Samarin Nakerei ke faɗa, na Lomuno na amsawa daga waje. Karo na farko a ranar da bakinsu ya zo ɗaya.

Korobe ya ɗaure dantsensa da igiya yana ja da haƙori. "Ku fito da mai rai tukuna, marasa kunya."

Teko ya dira ramin, ya ɗaga gawar abokinsa, ya turo Sagal sama. Ƙasa ta cika masa baki da hanci. Aka yanke igiya, ya kasa miƙewa, ya zauna yana amai a bakin kabarin.

Nangiro ya tsaya tsakanin ramin da ƙanensa. Tsufa ya sauko masa gaba ɗaya. An ce hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar, amma ga hannun ya yanka ɗansa. Ya ce, "Na haƙa na mutum biyu. Abin da na yanka wa ɗan wani ba zan sauya don ɗan uwata ba. Ku sa shi."

"Da safe ma haka ka ce, abokina, kuma da tabbaci ka faɗa," in ji Korobe. "Da ungulu ba ta ji yunwa ba, da yanzu kana kwance kana cewa ka yi adalci. Rami ba ya mayar da abin da aka ba shi bisa kuskure. Kuma wannan bakin da kuke so ku cika da ƙasa, shi kaɗai ya san sunan mai mota. Ku rufe shi yau, mai mota ya sami wani ciyaman gobe. Ku karɓe wayar, ku kira gari da kanku, ku gani ko tana shiga. Ku kai shi da ƙafarku, ku da mutanen Lomuno, ku zauna a ƙofar alƙali har ya faɗi sunaye gaban jama'a. In an sake shi kuna zaune a wurin, to ku ne matattun."

Aka yi ta hayaniya. Nangiro ya juya ga Sagal. "Kai aka zalunta. Kai za ka faɗa."

Sagal ya share ƙasar bakinsa da bayan hannun da bai karye ba.

"Ku kai shi inda za ku kai shi, ba ruwana. Ni na ga cikin ramin nan, ba na son in sake ganin an sa kowa." Ya ɗaga hannun dama, yatsun na reto. "Wannan ba zai ƙara tatsa ba. Za mu zauna a kansa ƙarƙashin itacen shari'a, ni da ku. Amma yanzu abu ɗaya nake so. An ja ni a ƙasa gaban 'ya'yana ana cewa ɓarawo, makashi. Baba Nangiro, da bakinka ka faɗa. Da bakinka za ka janye. Ba a nan ba, can, inda mutanena za su ji."

Nangiro mutum ne da bai taɓa ba wa kowa haƙuri ba, ko uban da ya haife shi. Samarinsa suka sunkuyar da kai. Ya tsaya kamar an kafa shi, har Korobe ya ɗauka ba zai yi ba. Sannan ya ajiye sandarsa a ƙasa, ya sunkuya ya sa kafaɗarsa ƙarƙashin hammatar Sagal ya ɗaga shi. Suka taka a hankali, tsoho da gurgu, har ƙofar shinge. Ya janye ƙayar da hannunsa, ya fita tsakiyar masun Lomuno ba komai a hannunsa.

"Mutanen Lomuno, ga ɗanku," in ji shi, murya tana kaiwa ko'ina. "Bai saci saniyata ba. Bai kashe ɗana ba. Ɓarawon a gidana ya kwana, nono ɗaya muka sha. Ni Nangiro na yi wa Sagal ƙarya, na sa shi a rami da ransa."

Matar Sagal ta fito daga bayan maza ta karɓi mijinta, ta goya shi kamar yaro, ta juya ba ta dubi kowa ba. Ɗaya bayan ɗaya, masun suka sauka.